Mutumin da Ya San Inda Ba a Buga Ƙusa

Kafin mai shayin bakin titi ya hura wuta, Baba Riƙe-Nan ya riga ya hau rufin bene ya leƙa tankunan ruwa. Haka yake yi kullum, yau shekara talatin da ɗaya. Yakan ƙwanƙwasa cikin kowane tanki da bayan yatsa, ya kara kunne, daga ƙarar ya san ko ruwan zai kai mu yamma ko kuwa za a yi cacar baki a hawa na biyu. Daga nan ya sauko a hankali, hawa huɗu, yana duba ƙwan fitilar kowace matakala, yana shinshina ƙofofin kicin ko gas na yoyo. Ya share harabar ƙasa, ya buɗe get, sannan ya zauna a bencinsa ya sha shayinsa. Mu kuwa mazauna gidaje goma sha shida na wannan gini, sai mu tashi mu murɗa famfo, ruwa ya zubo, mu ɗauka haka famfo yake tun fil azal.

A takarda, aikinsa kula da gini ne. Sunan da muke kiransa da shi kuwa, shi ya jawo wa kansa. Baba bai taɓa yarda ya yi wa kowa gyara shi kaɗai ba. Ka kira shi famfonka na ɗiga, zai zo da jakarsa ta buhu, ya tsuguna, ya ƙare wa abin kallo, sai ya ɗago kai ya ce, "Zo, riƙe min nan." Ba ruwansa da ko kai manaja ne, ko ka sa farar riga za ka ofis. Dole ka riƙe sifana, ko tocila, ko bakin bututu, yana aiki yana gaya maka sunan kowane ƙarfe da abin da ya ɓata shi. In ya gama, sai ya kwance ya ce ka ɗaura da kanka yana kallo. Mun yi gunaguni, mun ja tsaki a bayan idonsa, wasu har ƙararsa suka kai wa mai ginin, wai yana sa su aikin da aka ɗauke shi dominsa. Ko a jikinsa. A kowane gida ya rataye ƙaramar sifana da igiya kusa da makullin ruwa, bayan ƙofar kicin, ya ce duk wanda ya cire ta ya fasa gwangwani da ita, shi da shi ne.

Dogon hutun ƙarshen shekara shi ne lokacin da gininmu ke nishi. 'Ya'ya da jikoki su dawo daga ko'ina, gidan da ya saba da mutum uku ya wayi gari da ashirin, katifu har bakin banɗaki. Famfon da ya shekara yana lallaɓawa, sai ranar zai ce ya gaji. Shagunan kayan gyara a rufe, masu gyara duk sun tafi ganin nasu iyayen. Baba kaɗai ne ba ya motsawa. Mako guda kafin hutu yakan bi gida-gida da wani tsohon gwangwanin madara cike da tarkacen da ya tsinta cikin shekara: roba, noti, fis, guntun bututu, mahaɗi. Matarsa ta ce sau uku tana jefar da gwangwanin nan, sau uku yana bin motar shara a guje.

Tela ta hawa na biyu ba ta gajiya da ba da labarin shekarar da firijinta ya mutu ana jibi hutu, cike da naman da ta tanada don baƙi goma sha takwas. Zama ta yi a ƙasa ta ɗora hannu a ka. Baba ya duba ya ce injin ya ƙone, ba abin da zai tashe shi kafin a buɗe kasuwa. Sai ya karɓi allin da take zana yadi da shi, ya rubuta lamba a murfin kowace roba, ya bi gidaje bakwai yana ƙwanƙwasawa, kowa ya matsa nasa kayan a firiji ya ba ta gurbi. Ranar girki aka yi ta ganin robobi suna hawa suna sauka a matakala, ko ƙashi ɗaya bai ɓata ba. Malamar lissafi ta hawa na uku kuma, tata shekarar ita ce wadda dutsen guga shida suka haɗu a kan waya ɗaya, wuta ta ɗauke, kowa da rigarsa a yamutse. Baba ya canza fis, ya kafa layi a baranda, mutum biyu-biyu, ya tsaya a kansu kamar ɗan sanda a mararraba. Akwai ma shekarar da aka zaro cokula huɗu da ƙafar 'yar tsana daga bututun banɗaki, amma masu gidan sun roƙa kada a faɗi hawan da abin ya faru.

Kai ne, Baba, wanda ake kira yana tsakiyar cin abinci ya ajiye cokali. Kai ne kake hawa benen nan sau goma sha biyar a ranar da kowa ke kishingiɗe yana hira da 'yan'uwansa. Ba ka taɓa shiga gidan mutum ka fito da labarin abin da ka gani a ciki ba, kuma Allah ya sani ka gani. Na ƙasan bene, mai riƙe da na sama. Muna alfahari da kai, ko da yake mun daɗe ba mu buɗe baki mun faɗa ba.

Bara hannunsa na dama ya fara rawa. Da farko ɓoye shi yake yi a aljihu, ya ce sanyi ne. Likita ya ce ba ya warkewa, sai dai a lallaɓa. Noti ya riƙa suɓuce masa yana gangarawa ƙarƙashin kabad. Ranar da ya yi minti goma yana neman kan sukuru bai samu ba, ya tattara kayansa ya je da ƙafarsa ya gaya wa mai ginin cewa da an gama hutun bana zai ajiye aiki. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Bai san kuma cewa ajiye aikin nasa zai taɓa wata ba, sai da babban ɗan Inna ta Sama ya iso.

Inna ta Sama tsohuwa ce mai shekara saba'in da takwas, a hawa na huɗu take, ita kaɗai tun da maigidanta ya rasu shekara tara da suka wuce. Gidansu yana da wata al'ada da marigayin ya kafa. Ranar farko ta hutu, bayan abincin rana, kowa da kowa zai jeru a falo a ɗauki hoto ɗaya. Sannan a fito da na bara, wanda aka sa wa gilashi, a rataye shi a dogon lungun da ya tashi daga falo zuwa ɗakunan kwana. Hoto ashirin da tara ne a bangon nan. Kana tafiya kana ganin jarirai suna zama samari, baƙin gashi yana zama fari, har ka iso inda kujerar marigayi ta koma hannun Inna. Saboda hoton nan ne 'ya'yanta biyar suke barin komai su zo, ko da suna fushi da juna.

Sai dai jerin hotunan bai miƙe ba. Yana tafiya daidai, sai ya haura sama, ya bar wani fili ba komai, ya sake gangarowa. Kowace shekara Baba ake kira, ya ƙwanƙwasa bango, ya ɗiga ɗigo da fensir, a buga ƙusa a nan. Marigayi ya san dalili, Inna ma ta sani. 'Ya'yan kuwa sun ɗauka idon Baba ne ya karkace, suka mai da abin na tsokana. Wanda abin ya fi ci wa rai shi ne babban ɗan nata, Yaya Babba, mutumin da ko takalmansa a layi yake jera su. Ya riga ya tafi jami'a lokacin da iyayensa suka tare a ginin, bai taɓa kwana fiye da mako biyu a cikinsa ba, kuma shi kaɗai ne a zuriyar Inna da bai taɓa riƙe wa Baba komai ba. Da ya ga jakar buhu ta shigo, sai wayarsa ta yi ƙara.

Ana gobe hutu, da la'asar, Yaya Babba ya sauko ya sami Baba a benci. Ya gaishe shi da ladabi, don ba mutumin banza ba ne, yana son mahaifiyarsa iyakar so.

"Baba, na ji za ka ajiye aiki."

"Haka ne, yallaɓai. Hannu ya ce ya gaji."

"To ni ma na yanke shawara. Ginin nan ya tsufa, Inna tana hawa na huɗu, kai ne kake duba ta. In ba ka, wa za ta kira? Da an gama hutu zan tafi da ita gidana. Ka taimaka ka samo mana kwalaye, rana ta biyar a haɗa kayanta a sauko da su."

Baba ya ce to, don ba huruminsa ba ne ya ce wani abu. Amma shayin da ke hannunsa bai sake shiga bakinsa ba. Gidan Yaya Babba tafiyar yini biyu ce, rabin dangin ba su da halin zuwa can. In Inna ta bar bangon nan, taron ya watse ke nan. Kuma a ganinsa hannunsa ne ya kore ta. Aikinsa na ƙarshe a ginin da ya yi wa hidima shekara talatin da ɗaya zai zama sauko da kayan tsohuwar da ba ta son tafiya.

Da ya hau kai mata tukunyar gas, ya same ta a lungu tana goge gilasan hotuna da gefen mayafinta.

"Malam, ka ji hukuncin da aka yanke mana ko?" ta ce, ba ta juyo ba. "Wai gini ya tsufa, kai ka tsufa, ni na tsufa. Su ne kawai ba sa tsufa."

"Ki yi haƙuri, Inna. Don yana ƙaunarki ne."

"Na sani. Shi ya sa na rasa bakin yi masa faɗa."

Washegari da hantsi Baba yana ƙasa yana jera kwalaye, gidan Inna kuwa ya cika maƙil, mutum ashirin da biyu, tukwane uku a kan wuta. A nan ne Yaya Babba ya ga dama ta samu. Ya ce tunda wannan ne karo na ƙarshe, ko sau ɗaya a ga hotunan nan a miƙe kafin a kwashe su. Inna tana ɗaki ana taje mata kai, ba ta san abin da ake ciki ba. Ya sauke hotunan duka ya jingine su a ƙasa, ya ɗauko igiya da abin awo, ya ja layi tun daga falo har ƙofar ɗaki, ya fara buga ƙusoshi yana fito. Goma suka shiga lafiya. Ta goma sha ɗaya ta faɗa daidai tsakiyar filin nan da Baba ya shekara talatin yana tsallakewa. Ta shige da wani irin taushi, bango ya fara gumi a kewayenta. Da ya bar ta a nan, da abin ya tsaya a ɗiga. Sai ya juya guduma ya zare ta.

Waɗanda suka gani sun ce ruwan sai da ya daki bangon da ke fuskantarsa. Yara suka sa ihun murna, manya suka sa salati. Yaya Babba ya danna babban yatsa a ramin, ruwa ya tsarto ta gefe ya wanke masa fuska da tabarau, yana ta kiran, "A kira Baba! Wani ya kira Baba!"

Baba ya ji kiran tun daga ƙasa. Ya sungumi jaka da gwangwani ya fara hawa, gwiwoyi suna ƙara. A hawa na biyu ya haɗu da ruwa yana gangarowa a matakala. Ya ce a ransa shi ke nan, ga hujja ta samu, yau ko mai goyon bayan Inna zai ce a tafi da ita. Ya tsaya a hawa na uku yana mai da numfashi, sai ya lura ihun ya tsaya, ruwan ma ya rage gudu.

Abin da ya faru a sama, Auta ce ta ba shi labari daga baya, ƙaramar 'yar Inna, ma'aikaciyar jinya, wadda ta tashi a ginin. Inna ta fito daga ɗaki, rabin kai a taje, ta dubi bango, ta dubi ɗanta, ko gezau ba ta yi ba.

"Auta, kashe wuta daga babban makunni. Ke amaryar gida, kwashe hotunan nan ki ɗora a kan gado, ki fara da na maigidan. Yara, kowa ya ɗauki tsumma. Kai kuma bar yatsanka a nan, yau dai ya yi rana."

Ta shige kicin, ta durƙusa bayan ƙofa, ta ciro sifanar da ke rataye. Makullin ruwan gidanta mai taurin kai ne, samari biyu sun taɓa gwadawa suka kasa. Amma Baba ya koya mata sirrinsa tun tuni: ka ɗan mai da shi baya kaɗan, ka ji ya saki, sannan ka murɗa gaba. Kafin Baba ya taka matakalar ƙarshe, ruwa ya tsaya cak, Inna tana tsaye a ƙofar kicin da sifana a hannu tana tambaya ko an juya miya.

Yaya Babba, rigarsa ta manne a jiki, kunya ta koma masa fushi.

"Kun gani ko? Abin da nake faɗa ke nan! Gini ya ruɓe. Bangon da za ka taɓa da ƙusa ya fashe da ruwa, a nan za a bar tsohuwa?"

Baba ya matsa kusa da bangon. Ya ciro fensir, ya riƙe da hagu, ya bi bangon yana ƙwanƙwasawa yana ja. Layin ya sauko daga silin, ya bi ta ramin da ke ɗiga, ya karya kwana, ya miƙe zuwa banɗaki. Duk tsofaffin ramukan ƙusa ashirin da tara suna gefensa, sama da ƙasa, ba ɗaya da ya taɓa shi.

"Bututun da ke kawo muku ruwa daga tanki ke nan, yallaɓai," ya ce a hankali. "Mahaifinku ma, Allah ya jiƙansa, shekarar farko a miƙe ya so su. Da na nuna masa, ya ce gara hoto ya karkace da a yi iyo a falo."

Kowa ya bi layin fensirin da kallo. Inna ce ta fara dariya, irin wadda take girgiza kafaɗa ba sauti, sai kowa ya fashe. Yaya Babba ya cire tabarau yana gogewa da jiƙaƙƙiyar riga, abin da bai ƙara masa komai ba.

Saura gyara, ga mutum ashirin da biyu ba ruwa, ga abinci a kan wuta. Baba ya tsuguna, ya ɗora cizal a bango, ya ɗaga guduma. Hannun ya ƙi. Ya sake ɗagawa, cizal ɗin ya kauce ya faɗi cikin ruwa. Ya tsaya yana kallon hannunsa a gaban jama'a, idonsa ya kawo ƙwalla. Mu da muka san shi ba mu taɓa ganinsa haka ba, kuma ba ma fatan sake gani.

"Baba, matsa ka zauna," wata murya ta ce daga ƙofa.

Tela ce, ta biyo sawun ruwa daga hawa na biyu, zani a ɗaure tamau, sifanarta a hannu. Malamar lissafi tana bayanta da tata. Aka jawo wa Baba kujera. Tela ta fasa siminti a kewayen ramin, tsaf, kamar tana fitar da wuyan riga. Malama ta auna inda za a yanke, Auta ta ja zarto. Baba yana zaune da gwangwaninsa a cinya, ya tona ya tona ya fito da mahaɗi daidai bakin bututun, da 'yar kwalbar gam. Ba abin da ya gaya musu sai, "Goge bakin tukuna," su kuma suka ce, "Mun sani, Baba." Da aka shafa gam aka haɗa, sai ya ɗaga kai ya dubi Yaya Babba.

"Yallaɓai, zo riƙe min nan. Hannu biyu. In ka saki kafin minti ashirin, sai mun sake daga farko."

Babban mutum ya durƙusa cikin ruwa, fuska a bango, hannu biyu cikin rami. Wayarsa ta yi ƙara a aljihu har ta gaji. Inna ta sa aka kawo mata 'yar kujera ta zauna dab da kunnensa.

"Tunda Allah ya kama min kai wuri ɗaya, bari mu yi magana," ta ce. "Wa ya kashe ruwan nan?"

"Ke ce, Inna."

"Wa ya fasa bango? Wa ya auna? Ka ga an kira wani daga waje? Wannan baiwar Allah kullum da safe sai ta leƙo ni kafin ta buɗe kekenta. Malama ce take karanta min takardar magani. Mutumin nan da kake cewa zai tafi, ai ya daɗe da raba kansa gida goma sha shida. Kai kaɗai ne ba ka karɓi rabonka ba."

Ya jingina goshinsa da bango. Da ya yi magana, muryarsa ta canza.

"Inna, tsoro nake ji. In kika faɗi a matakalar nan, ni ina can nesa, wani ne zai kira ni ya gaya min. Ba na iya barci in na tuna."

"Na sani, ɗan nan," ta ce, ta ɗora hannu a jiƙaƙƙen kansa. "Ni ma haka na yi ta ji duk shekarun da kake nesa, ban kuma je na ɗauko ka ba."

Malamar lissafi ta sunkuya kusa da Baba ta raɗa masa, "Baba, gam ɗin nan ai minti ɗaya yake kamawa." Ya dube ta ba ko murmushi, ya ce, "Na yau mai nauyin jiki ne."

Da aka buɗe ruwa, ko ɗigo bai fito ba. Abincin rana ya koma na la'asar, shinkafa ta ɗan kama, ba wanda ya yi ƙorafi. Aka mai da hotuna tsofaffin ramukansu, a karkace kamar yadda suke. Na bara kuwa, Auta ce ta ƙwanƙwasa bango ta ɗiga ɗigon, Baba ya gyaɗa kai, Yaya Babba ya buga ƙusar yana addu'a. Hoton bana an ɗauke shi kowa da wando a naɗe, katifu suna shanye a baranda, kuma duk wanda ya gan shi ya ce ba a taɓa yin wanda aka yi dariya irinsa ba. Amma maganar tafiya ba wanda ya sake tayar da ita, ba wanda kuma ya ce an fasa. Kwana huɗu kwalaye suna jingine a bayan bencin Baba, yana kallonsu suna kallonsa.

Rana ta biyar da safe ya ɗaure su da igiya, ya miƙe zai fara hawa, sai ga Yaya Babba yana saukowa.

"Baba, ajiye kwalayen nan. Ka ba duk mai so."

Baba ya tsaya da igiya a hannu.

"Inna za ta zauna. Na yi magana da mai ginin, za a sa ƙarfen dafawa a matakala tun daga ƙasa har sama. Ni kuma zan riƙa zuwa duk bayan wata biyu, ba sai hutu ba." Ya ɗan sosa ƙeya. "In kana da lokaci kafin mu kama hanya, ka nuna min yadda ake murɗa makullin nan. Jiya na gwada a ɓoye, ya ƙi."

Baba ya koma ya zauna a benci, ya ajiye igiyar.

"Ka sauke min kaya, ɗana," ya ce. "Makon da na fara aiki a ginin nan, shi ne makon da iyayenka suka tare. Gadon nan nata, da kabad, da kujerar mahaifinka, a kaina na hau da su hawa huɗu. Kwana huɗu ina tunanin yadda zan sauko da su, wallahi ban ga ta inda zan fara ba."

Baba, jiya ka miƙa makullai, ka koma ɗan gidan da ka gina a bayan gari, kai da matarka da gwangwaninka. Ba a yi taro ba, ba a yi jawabi ba, don ka ce ba ka so. To ga namu jawabin, ko ka so ko ka ƙi. Mun gode da ruwan da muka sha ba mu tambayi ta inda ya biyo ba. Mun gode da duk ranar da ka ɓata mana farar riga. Allah ya ba hannun nan sauƙi, ya saka maka da alherin da ya fi wanda ka yi mana.

Ku kuma masu karatu, akwai irinsa a inda kuke, mai shara ne ko mai gadi ko mai gyara, kuna wuce shi kullum da gaisuwar baki. Ku tsaya ku gode masa tun yana jin ku. In kun iya wani abu, kada ku yi wa mutane shi a rufe, ku jawo su kusa su gani, ko da za su ja muku tsaki. Mu dai mun ga amfaninsa da idonmu. Inna tana nan a hawa na huɗu, ta riga ta aika a sa wa hoton bana gilashi, kuma 'ya'yanta biyar duk sun ce baɗi suna tafe.